Kintinkirin Koci Kang

Yayana Te-wang bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando a gaban shaidu ba, amma duk layinmu Koci ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara talatin da suka wuce malamin wasanni na firamaren unguwarmu ya karye a ƙafa, aka roƙi Yaya ya riƙe ƙungiyar makarantar na sati biyu. Wasa uku suka buga, aka lallasa su a duka ukun. Har yau in ya tashi magana sai ya gyara zama ya ce, "lokacin da nake horarwa", kamar wanda ya yi ritaya daga babban muƙami.

Ni ce ƙanwarsa, Shu-chiao. Shagon shinkafa da naman talo-talo da ke bakin kasuwar gabas a Chiayi, ni nake riƙe da shi tun rasuwar Baba. A takarda namu ne mu biyu. A aikace ni ke tashi da asuba in ɗora tukunya, in yayyaga nama, in soya albasa, shi kuma ya iso ƙarfe goma da jarida a hammata, ya zauna a teburin bakin ƙofa, ya share kwano biyu, sannan ya fara gaya wa masu cin abinci wanda zai yi nasara a ƙwallon kwando. Wannan shi ne rabin aikin da yake yi.

A shekarar da nake ba da labari, ƙungiyar garinmu, Ɓauna, ta shiga zagayen fitar da zakara bayan dogon jira. Ƙungiya huɗu suka rage. Yaya ya goge allon da nake rubuta abincin ranar, ya zana hasashensa da alli. A lokacin yana fushi da kocin Ɓauna, don ya aika masa wasiƙa mai shafi bakwai ta shawarwari ba a amsa ba, saboda haka ya rubuta cewa a zagayen farko za a fitar da mu. Ɗaya karawar kuma ya ce ƙungiyar Kaguwa ta Keelung ba za ta ci ko wasa ɗaya ba. Ɓauna ta wuce, Kaguwa ta wuce. Da aka tuna masa, sai ya ce ai zaburar da yaranmu ya yi, kuma ga shi ta yi aiki.

To, ga mu ga Kaguwa a karon ƙarshe, wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauki kofi. Kuma shagon da ke kallon namu na Pan ne mai aski, haifaffen Keelung, shekararsa ashirin a Chiayi amma bai taɓa sauke shuɗiyar tutar Kaguwa daga saman madubinsa ba.

A bakin titi suka haɗu da yamma, lokacin da kowa ya fito da ledarsa yana jiran motar shara ta iso da kiɗanta. Nan ne majalisar layinmu.

"Koci, nawa za ku ci mu?" in ji Pan, yana lilo da ledar gashi.

"Huɗu babu ko ɗaya. Ka fara neman inda za ka ɓoye tsumman nan naka."

"Da baki kowa ma koci ne. Me ka ɗora a kai?"

Kowa ya san al'adar. In ka cika baki a shafin unguwa na intanet cewa ƙungiyarka za ta ci, sai ka ɗora wani abu, soyayyar kaza ko shayi mai ƙanƙara, in ka faɗi ka raba wa jama'a kyauta. Mutane na ɗaukar hoton rubutun su adana. Akwai mai gyaran babur a bayan kasuwa da ya yi alkawarin kaza ɗari, ya faɗi, ya goge rubutun. Shekara shida ke nan, har yau in ya wuce sai wani ya yi masa kukan kaza.

Ni ban san abin da Yaya ya yi ba sai washegari, daga bakin mai kawo mana shinkafa. Ya rubuta cewa idan Ɓauna ba ta ɗauki kofi ba, shagon Kang, wato namu, zai raba kwano ɗari kyauta. Ya haɗa da hoton allon sunan shagon, wanda Baba ya rubuta da hannunsa. Na tare shi kafin ya zauna, na tambaye shi wa zai dafa. Ya ce babu mai dafawa, tunda Ɓauna ba za ta faɗi ba, kuma alkawarin da ba za a biya ba ai talla ce ta kyauta, ya kamata in gode masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba ya yi shekara arba'in bai taɓa buɗe shago a makare ba, bai taɓa rage wa kowa nama a kwano ba. Tun a ranar na san ko me Yaya ya furta da sunan allon nan, sai na cika shi, don ba za a yi wa sunan Baba kukan kaza ina da rai ba.

Wasa na farko a gidanmu aka yi, aka ci mu da maki goma sha ɗaya. Yaya ya bayyana wa duk wanda ya shigo cewa alƙalin wasan ɗan arewa ne, ɓangaren su Keelung, an gani a tafiyarsa. Pan ya leƙo daga shagonsa da almakashi a hannu ya tambaya ko a kwanon nasa za a sa masa cinya ko ƙirji. Kafin in fito daga kicin, kwano ɗari ya zama ɗari uku.

Ana gobe wasa na biyu haƙori ya kama Yaya, likita ya cire, ya cusa masa auduga. Kwana biyu bai iya cewa uffan ba. Ɓauna ta ci da maki goma sha biyar.

Gwaggo Tu mai awara ce ta fara lura. Shekararta saba'in da ɗoriya, ba ta fashin zuwa filin wasa, kuma ba ta manta abin da mutum ya faɗa. Ta ja ni gefe ta ce tun farkon kakar wasa take bin maganar Yaya. Sau goma sha tara ya yi hasashe a gabanta, sau ɗaya ya dace, shi ma cewa ya yi za a yi ruwa ranar wasan. Na ce ƙila haɗuwa ce kawai. Ta ce mu jira bakin ya warke.

Bakin ya warke. Ya ce wasa na uku za mu ci da maki ashirin, aka ci mu da ashirin da biyu. Ya ce laimar Keelung ce ta sa ƙwallo santsi, garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Da safe sai ga Pan ya tsallako titi da kofin ruwan zuma da lemun tsami, ya ajiye a gabansa da ladabi.

"Na mene ne wannan?"

"Don muryarka, Koci. Mutanenmu sun ce in kula da ita, kada ta dushe kafin a gama."

Yaya ya ture kofin, ya zaro waya. Ina ji ina gani ɗari uku ta koma ɗari shida.

Ranar da yamma Gwaggo Tu ta jagoranci mutum takwas suka zo da kwalin kek ɗin abarba, suka zauna a gabansa kamar masu neman aure. Roƙonsu ɗaya ne, ya taimaka ya ce Kaguwa ce za ta ɗauki kofi. Ko bai yarda a zuciyarsa ba, ya dai faɗa. Yaya ya ci kek biyu yana saurare, fuskarsa na ƙara haske. Da suka gama ya ce ashe dai unguwa ta gane cewa bakinsa na juya wasa, ya ji daɗi. Amma masani ba ya ƙarya a kan nazari, ko da za a ba shi kek ɗin duniya. Ya ɗauki na uku ya fara yi musu bayanin yadda za mu cinye sauran wasannin. Gwaggo Tu ta toshe kunnuwanta ta fita da gudu, irin gudun da ban san tana da shi ba.

Matarsa Bi-lien ce ta cece mu. Mace ce mai shiru, amma ta san mijinta. Ta binne wayarsa a buhun shinkafa, ta ce masa rufin gidan mahaifiyarta na yoyo, can kan dutse cikin gonakin shayi, kuma tsohuwa ta ce babu wanda ta yarda da basirarsa sai shi. Kalmar basira ta ɗauke shi. Ya hau ƙaramin jirgin ƙasa ya tafi, ya kwana biyar a inda waya ba ta kamawa. Ɓauna ta ci wasa na huɗu, ta ci na biyar. Uku da biyu, saura ɗaya mu ɗauki kofi. Pan ya daina leƙowa. Ni kuma na fara barci har ƙararrawa ta tashe ni.

Ranar wasa na shida, da tsakar rana, shago cike, rediyo na kan shiryayye ana shirin wasanni da masu saurare ke bugo waya. Ina yanka nama na ji mai gabatarwa ya ce ga wani bawan Allah daga tashar jirgi. Sai muryar da na sani tun ina cikin zanin goyo ta cika shagon. Ta ce sunanta Koci Kang, ta ari wayar mai sayar da tikiti ne don al'umma na buƙatar ta. Ta ce yau za a gama, Kaguwa ta riga ta dahu, kuma don a san ba wasa take ba, kwano ɗari shida ya koma dubu.

Duk wanda ke shagon ya ajiye tsinken cin abincinsa. Wani dattijo ya tashi ya bar rabin kwanonsa, ya ce ba zai iya ba. An ci mu da maki uku.

Kwano dubu cinikin sati guda ne in kasuwa ta yi kyau, kuma hannu biyu gare ni. Da Yaya ya dawo, da tabon kwalta a riga, don rufin da ba ya yoyo ya taɓa har ya fara yoyo, na rufe ƙofar kicin da mu biyu. Ban yi masa faɗa ba. Kuka na yi, abin da rabon da ya gani tun ranar da muka binne Baba. Na ce masa shagon nan shi ne abin da ya rage mana, in ya durƙushe ban san inda zan sa kaina ba. Jikinsa ya yi sanyi, don Yaya wawa ne amma ba mugu ba. Ya ɗaga hannu ya rantse ba zai sake furta kalma ɗaya a kan wasan ba har a tashi na bakwai.

Kuma ya cika. Wannan dole in faɗa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mutumin da aka rufe wa baki yana da sauran gaɓoɓi.

Da farko ya je ɗakin bauta na bakin kasuwa ya jefa itacen ƙuri'a, wanda ake duba sa'a da yadda ya faɗi. Itacen bai faɗi yadda yake so ba, ya sake. Sau goma sha huɗu yana jefawa, har mai kula da wurin ya karɓe ya ce akwai mutane a layi. Daga nan sai ga kwalaye uku an sauke a bayan shago. Na buɗe ɗaya, na ga naɗin kintinkirin takarda, rawaya, launin Ɓauna, guda ɗari uku.

Ko ni da ba na bin wasa na san ƙa'idar kintinkiri. Ranar da za a iya ɗaukar kofi kowa na zuwa da nasa a ɓoye, a jaka ko a ƙarƙashin riga. Ba a nuna shi, ba a ma ambaton sunansa, sai ƙahon tashi ya busa an tabbata an ci, sannan a jefa gaba ɗaya ya rufe fili. Yaya kuwa so yake layinmu ya riga kowa jefawa, hotonsa ya fito a jarida yana gaba. Tunda ba ya magana, sai ya buga takarda ya rarraba gida gida: "Idan na ɗaga ludayi, ku jefa." Ludayin kuwa na Baba ne, babban da muke zuba romo da shi.

Bai tsaya nan ba. Ranar Asabar ya tara mutane a titi don gwaji, da takardar bayan gida a madadin kintinkiri. Ya hau kujera ya ɗaga ludayi. Naɗi ɗaya ya maƙale a wayar lantarki, ɗaya ya shiga shagon Pan ya sauka a kan mutumin da aka aske wa rabin kai, ɗaya ya faɗa tukunyar romona. Motar shara ta iso da kiɗanta ta wuce da farar jela tana ja. Gwaggo Tu ta tsaya a ƙofarta ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin wanda ya yi gwajin murna ba, wannan neman masifa ne. Yaya ya nuna bakinsa ya girgiza kai, wato shi dai bai ce komai ba.

Ranar Lahadi ƙarfe uku aka sa wasan. Na rufe shago, na bi shi filin don in yi gadinsa da kaina. Ni a damansa, Bi-lien a hagunsa, takunkumi a fuskarsa. Ya sa rigar aiki ta shago mai sunanmu da adireshi a ƙirji, rigar da ban taɓa ganin ya sa don aiki ba. Mutanen layinmu sun cika bayanmu. Can a kusurwar baƙi na hango Pan cikin ɗan gungun shuɗi.

Ban fahimci rabin abin da aka yi ba. A ci mu, mu rama, a ci mu, mu rama. Duk lokacin da Yaya ya kumbura zai yi magana sai Bi-lien ta taka masa ƙafa. Har aka zo ƙarshe, muna gaba da maki ɗaya, saura daƙiƙa ashirin da bakwai, ƙwallo a hannunmu. Gwaggo Tu ta sunkuyo ta raɗa mini cewa Kaguwa ta cinye duk hutun shawararta, kocinsu ba shi da damar tara yaransa ya tsara musu komai. In muka cinye lokaci, abin da zai rage musu bai isa su tsallaka fili ba.

Agogo biyu ne a wasan nan. Babba na ƙirga lokacin wasa. Ƙarami, wanda ke saman kwando, na ba mai riƙe da ƙwallo daƙiƙa ashirin da huɗu ya jefa, in ya ƙare shi ma ƙaho yake busawa, a miƙa wa abokan hamayya ƙwallo. Mai sayar da gyaɗa a ƙofar filin ya san wannan. Koci Kang kuwa ƙaramin ya ƙura wa ido, leɓensa na motsi a ƙarƙashin takunkumi. Ɗan wasanmu ya yi ta yawo da ƙwallo, ya jefa a ƙurarren lokaci, ba ta taɓa komai ba. Ƙaho ya busa.

Bakinsa nake gadi, ban kula da hannunsa ba. Kafin in juya ya haye kujera, ya fizge takunkumi, ludayin Baba na sama.

"Mun ci! Ku jefa!"

Kintinkiri ɗari uku ya tashi daga bayanmu. Sauran filin, mutum dubu biyar da kowa ke zaune a kan nasa tun rana, suka ga rawaya a sama, suka ɗauka su ne ba su ga agogo daidai ba, suka saki nasu. Gaskiya abin ya yi kyau. Na ɗan lokaci ba ka ganin komai sai ruwan zinariya na sauka. A cikinsa nake jin Gwaggo Tu na dukan bayan Yaya da jaka tana cewa saura uku, saura uku, ɗan banza.

Babban agogo na nuna daƙiƙa uku. Alƙalin wasa ya yi ta busa usur har ya gaji, kintinkiri na rataye a kafaɗarsa. Mai sanarwa ya ce tunda magoya bayan masu gida sun tsayar da wasa, an hukunta Ɓauna, Kaguwa za ta yi jifa ɗaya kyauta, kuma ƙwallo tata ce. Sai aka fito da tsintsiya. Minti goma sha biyar ana shara. Kocin Kaguwa, wanda ba shi da ko daƙiƙa ɗaya ta shawara, ya ja kujera ya zauna, ya tara yaransa, ya zana, ya goge, ya sha ruwa, ya sake zanawa. Har ɗan murmushi ya yi wa ɓangarenmu.

Masu babban allon filin ba su da abin nunawa a lokacin sharar, sai suka nemo wanda ya fara. Suka nuna a hankali, sau huɗu. Ga ludayi, ga baki a buɗe, ga sunan shagon Kang da adireshi, ana iya karantawa daga kujerar ƙarshe. Yaya ya sauko daga kujera a hankali. Ya ce mini agogon ne aka sa a inda bai dace ba.

Jifan kyauta ya shiga, aka yi kunnen doki. Suka jefo ƙwallo, mutum biyu suka taɓa, na uku ya saki daga nesa. Ƙahon gaskiya ya busa tana cikin iska, ta faɗa kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Daga kusurwar baƙi kintinkiri shuɗi ya tashi, bai fi hamsin ba, ya sauka a fili mai tsabta da aka share musu.

Babu wanda ya zage mu a hanyar fita, kuma da zagin aka yi da ya fi sauƙi. Mutane suka dare mana hanya suna kallo. A bakin ƙofa wani tsoho mai rawayar hula ya dafa kafaɗar Yaya, ya karanta ƙirjinsa da kyau, ya tambaya ƙarfe nawa muke buɗewa.

Asabar mai zuwa na sa za a raba kwano dubun. Talo-talo goma sha biyu, shinkafa buhu buhu, albasa har idona ya daina hawaye don ya ƙare. Na ɗauka ni kaɗai zan yi, don layin gaba ɗaya ya daina gaishe mu. Amma da asuba aka ƙwanƙwasa, na buɗe na ga Gwaggo Tu da wuƙarta, mata biyar a bayanta. Ta ce ba don wancan ta zo ba, don Babanmu ta zo. Pan ma ya rufe shagonsa ya ɗaura tawul ya kama wankin kwanuka, ko da yake shi ne ya shirya bas huɗu daga Keelung.

Layi ya kai har bayan kasuwa, shuɗi da rawaya a cakuɗe. Na ɗaura wa Yaya rigar nan, na damƙa masa ludayin nan, na ce tunda ya iya ɗaga shi, yau zai koyi sauke shi. Kwano dubu, shi ya zuba wa kowanne romo. Kafin ƙarfe goma tafinsa ya yi bororo. Mutanen Keelung suka kawo masa allon katako lulluɓe da jan ƙyalle, irin wanda ake ba likitan da ya ceci rai, an sassaƙa "Gwarzon Wasan Ƙarshe". Kowannensu sai ya ɗauki hoto da shi da ludayin. Da farko kansa na ƙasa. Wajen kwano na ɗari huɗu ya fara ɗagowa. A na ɗari bakwai na ji shi yana yi wa wata mata bayanin dokar daƙiƙa ashirin da huɗu, yana cewa mutane da yawa ba su fahimce ta ba.

Babu kwanon da na rage wa nama. Kwano na dubu Pan aka ba, ya zaɓi cinya.

Da la'asar aka watse. Muka zube a kujeru, ni da matan da Pan da Bi-lien, ba mai iya ɗaga hannu. Na kalli allon Baba, na ji wani sanyi a raina, don ko me za a faɗa a garin nan, ba za a ce shagon Kang ya gudu ba. Yaya na zaune a teburinsa na bakin ƙofa, hannayensa cikin kwanon ruwan ƙanƙara. Ya dubi titi, ya dubi allon, ya gyara zama. Na san gyaran zaman nan.

"Shu-chiao, kin ga taron yau? Ki rubuta ki ajiye. Shagon nan sai ya shekara ɗari."

Wuƙar Gwaggo Tu ta faɗi ƙasa. Bi-lien ta rufe ido. Ko Pan, da ya fi kowa cin ribar bakin nan, sai da ya ajiye kwanonsa. Na tashi, na ɗauki ludayin, na tsaya a kansa.

"Yaya, janye."

"Yabo fa na yi."

"Na sani. Ce zai rufe."

"Haba ƙanwata, shagon Baba?"

"Shi ya sa. Ce zai rufe, kuma ka sa rana."

Ya kalli matarsa, ta kau da kai. Ya kalli ludayin. Sannan cikin ƙaramar murya, a gaban shaidu takwas, ya ce shagon Kang ba zai ga ƙarshen wata ba.

Shekara uku ke nan. Mun ƙara tebur shida, mun ɗauki ma'aikata biyu, kuma duk ƙarshen sati sai an samu wanda ya taso daga Keelung don ya ga ludayin. Yaya ya rataye allon katakonsa a bayan kujerarsa, yana gaya wa baƙi cewa duk tsarin talla ne, shi ya shirya shi tun daga wasa na farko. Na ƙyale shi ya faɗa. Amma duk ranar da muka buɗe bayan hutun sabuwar shekara, ba na kunna wuta sai ya zo ya tsaya a ƙarƙashin allon Baba, ya ɗaga murya yadda layi zai ji, ya ce bana kam sai mun karye.